SHARHI: Daga ɗaukar fayil a mota zuwa ɗora shi a intanet: Abin da Kafanchan za ta samu da sharuɗɗan samunsa

Kafanchan gari ne da hanya ta raya. Tun daga 1927, lokacin da layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya haɗu a nan da na Kaduna da kuma reshen da ya nufi Jos, garin ya zama mararrabar fasinjoji da kaya da saƙonni. A taragon jirgin ne buhunan wasiƙu da takardun hukuma suke isowa, daga nan a rarraba su zuwa Kagoro da Zonkwa da Kwoi da Gwantu. Yau jirgin ya daina kai-komo kamar da, amma a harkoki da dama takardar hukuma tana nan a kan tsohuwar al'adarta: sai an sami wanda zai ɗauke ta kafin ta motsa.

A ɗauki misalin malamin makarantar da ya yi ritaya a Ƙaramar Hukumar Sanga, aka ce masa akwai takarda guda da babu a cikin fayil ɗinsa. Zai yi sammako zuwa Kafanchan, ya hau motar Kaduna, ya ratsa Zonkwa da Kachia da Kajuru, tafiyar kimanin kilomita 200 a kan hanyar da ta sha fama da masu garkuwa da mutane. Kuɗin motar ya ninka tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Idan ya isa ya tarar jami'in da ke riƙe da fayil ɗin ba ya nan, sai ya nemi wurin kwana ko ya juya ya sake dawowa. Takardar da ta jawo wannan ɗawainiya, da an ɗauki hotonta da waya, nauyinta a mafi yawan lokuta bai wuce 'yan megabait ba.

Batun ya ƙara ɗaukar hankali saboda dalilai biyu. Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ya sanya ranar 31 ga Disambar 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatun tarayya za su koma aiki da fayilolin kwamfuta maimakon na takarda. Haka kuma, yayin da ake tunkarar babban zaɓen 2027, muhawara a kan tura sakamakon zaɓe ta intanet ta ƙi ƙarewa. Tambaya ɗaya ce a ƙarƙashin batutuwan biyu: mene ne ainihin fifikon ajiye fayil a shafin intanet a kan tsofaffin hanyoyin tura shi, kuma me ake buƙata kafin wannan fifiko ya isa ƙananan hukumomi takwas na mazaɓar Kaduna ta Kudu, wato Jema'a da Jaba da Kaura da Zangon Kataf da Kachia da Kagarko da Kauru da Sanga?

Tsofaffin hanyoyi da aibin da ya haɗa su

Hanya mafi tsufa ita ce ta hannu da hannu: masinjan ofis, jakar gidan waya, ko ambulan da ake bai wa direba a tasha tare da lambar wayar mai karɓa. Da kwamfuta ta shigo, aka koma ɗaukar fayil a faifan CD, daga baya a filashi da katin memori. Matasa kuma suka saba da tura wa juna ta Bluetooth ko manhajar Xender, wadda ba ta cin data amma sai wayoyin biyu suna kusa da juna. A ɓangaren masana kwamfuta akwai tsarin FTP, wanda aka fara bayyana ƙa'idojinsa a 1971, tun kafin a san shafukan intanet. Yana buƙatar manhaja ta musamman da ɗan ilimin saita ta, kuma a asalin tsarinsa yakan tura sunan mai amfani da lambar sirrinsa ba tare da ɓoyewa ba. Sai imel, wanda ya sauƙaƙa aika takarda maƙale da saƙo, amma yana da iyaka: Gmail, alal misali, ba ya karɓar maƙalallen fayil da ya wuce megabait 25.

Duk da bambancinsu, waɗannan hanyoyi sun yi tarayya a abu guda. Ko dai fayil ɗin ya bar hannun mai shi gaba ɗaya, kamar yadda takarda ke yi, ko kuma duk turawa ta haifar da sabon kwafi mai zaman kansa. Idan sakataren makaranta ya aika jerin sunayen ɗalibai ga mutum biyar ta imel, an sami jeri shida. Kowa ya gyara nasa, bayan mako guda babu mai iya rantsuwa a kan wanne ne na gaskiya. Filashin da ya zaga shagunan buga takardu uku yakan dawo da cutar kwamfuta. Ambulan da aka bai wa direba kuwa, babu wata shaida a rubuce ta lokacin da ya isa ko wanda ya buɗe shi a hanya.

Ya kamata a ambaci WhatsApp a nan, domin shi ne ya zama masinjan ofisoshi da yawa a yau. Ta intanet yake aiki, yana da sauri, kuma yana ɗaukar fayil mai girman gigabait 2. Sai dai a tsarinsa ya fi kusa da tsohuwar hanya: kwafi yake rarrabawa, yakan rage ingancin hoto idan ba a tura shi a matsayin takarda ba, kuma abin da aka tura yana zaune ne a wayar mutum, ba a ma'ajiyar ofis ba. Ranar da wayar ta ɓata ko aka sauya wa jami'in wurin aiki, tarihin aikin ya tafi tare da shi.

Inda sabon tsarin ya bambanta

A tsarin musayar fayil ta shafin intanet, ana ɗora fayil ɗin sau ɗaya a wani rumbun ajiya, sannan a bai wa waɗanda suka cancanta izinin zuwa su duba shi a can. Abin da ake aikawa shi ne mahaɗi, wato adireshin wurin da fayil ɗin yake. Dropbox, wanda aka buɗe wa jama'a a 2008, da Google Drive, wanda ya fito a 2012, da OneDrive na kamfanin Microsoft su ne sanannun misalai a kasuwa. A ɓangaren gwamnati, kamfanin Galaxy Backbone mallakar Gwamnatin Tarayya ne ke samar wa ma'aikatu irin wannan ma'ajiya.

Sauri shi ne abin da aka fi yabon tsarin da shi, amma imel ma yana da sauri. Babban fifikonsa shi ne kasancewar kwafi ɗaya tilo da kowa ke kallo. Idan aka gyara kuskure a Kafanchan da ƙarfe goma na safe, wanda ya buɗe fayil ɗin a Kaduna ko Abuja bayan minti ɗaya gyararren zai gani. Mutum goma na iya duba shi a lokaci guda, don haka uzurin cewa fayil yana teburin wani ya faɗi.

Fifiko na biyu shi ne sawu. Tsarin da aka gina da kyau yana rubuta wanda ya ɗora fayil, da ranar da sa'ar da ya ɗora, da wanda ya canza wani abu a ciki, kuma yana adana tsofaffin siffofin fayil ɗin ta yadda za a iya komawa a ga yadda yake kafin a taɓa shi. A tsarin takarda, cire shafi ɗaya daga fayil aikin daƙiƙa biyar ne, kuma ba ya barin alama. Wannan ne ya sa masu nazarin aikin gwamnati ke kallon sauyin a matsayin batun riƙon amana kafin ya zama batun fasaha. Jinkirin fayil ya daɗe da zama hanyar neman na goro a ofisoshi, kuma abin da ke ba shi ƙarfi shi ne rashin sanin inda fayil ya tsaya da wanda ya tsayar da shi.

Na uku shi ne ikon bayar da izini da janye shi. Ana iya barin wani ya karanta kawai, wani ya yi gyara, wani kuma a ba shi mahaɗin da zai daina aiki bayan mako guda. Takardar da ta riga ta shiga imel ɗin wani ko filashinsa ba ta dawowa.

Na huɗu ya shafi manyan fayiloli. Hoton na'urar CT na majinyaci guda kan kai ɗaruruwan megabait, ya fi ƙarfin imel nesa ba kusa ba. Majinyacin da aka tura daga Kafanchan zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ko na Barau Dikko a Kaduna, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, yakan tafi da hotunansa a babban ambulan ko a faifai. Inda akwai ma'ajiya mai tsaro tsakanin asibitocin, ƙwararren likita zai iya duba hoton tun majinyacin bai hau mota ba, ya ce a kawo shi da gaggawa ko kuma a ci gaba da yi masa magani a inda yake.

Na biyar kuwa, mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin darajarsa. A rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011, wuta ta cinye kasuwar Kafanchan da gidaje masu yawa a garin da kuma Zonkwa, kuma hare-haren shekarun da suka biyo baya sun raba dubban iyalai na kowane ɓangare da muhallansu. Wanda ya gudu da dare ba ya tsayawa neman takardar shaidar kammala makaranta ko ta gona. A Oktoban 2022 Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, WAEC, ta buɗe shafin da ke bai wa masu takardar shaidarta damar samun kwafinta ta intanet, su kuma tura wa jami'a ko ma'aikata ta tabbatar da ita kai tsaye. Ga ɗalibin da takardarsa ta ƙone, wannan ya rage masa wata asara a kan asara.

Gwaji mafi girma: takardar sakamakon zaɓe

Babu inda aka gwada wannan tsari a bainar jama'a kamar a zaɓe. A tsohuwar hanya, jami'in rumfar zaɓe yana cike takardar EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, sannan a ɗauke ta zuwa cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa, inda ake haɗa alƙaluma a EC8B. Daga nan sai ƙaramar hukuma a EC8C, sai jiha a EC8D. Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255 da rumfunan zaɓe fiye da 8,000. A ƙauyukan da ke kan duwatsun Kagoro ko cikin lungunan Kauru da Sanga, tafiyar farko ta wannan takarda a kan babur ake yin ta, sau da yawa bayan faɗuwar rana. Yawancin ƙorafe-ƙorafen maguɗi a tarihin zaɓen Nijeriya a kan wannan tazara suke, tsakanin abin da aka ƙirga a gaban jama'a da abin da ya isa teburin tattarawa.

Domin toshe wannan kafa ce Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa, INEC, ta ƙirƙiro shafin duba sakamako na IReV, wanda ta fara amfani da shi a zaɓen cike gurbi na mazaɓar Nasarawa ta Tsakiya a Majalisar Dokokin Jihar Nasarawa, ranar 8 ga Agustan 2020. Tsarin ba shi da sarƙaƙiya: bayan an cike EC8A, jami'in zai ɗauki hotonta, ya ɗora a shafin, duk ɗan ƙasar da ya yi rajista ya gani. Daga 2021 na'urar BVAS ta haɗa aikin tantance masu zaɓe da na ɗaukar wannan hoto. Mai zaɓe a Godogodo zai iya kwatanta abin da aka liƙa a bangon rumfarsa da abin da ke shafin, ɗan jarida a Legas ma ya ga takardar da yake gani. Gani ya kori ji.

Ranar 25 ga Fabrairun 2023 ta nuna ɗaya fuskar. A zaɓen da aka shirya wa rumfuna 176,606 a faɗin ƙasar, sakamakon 'yan Majalisar Dokoki ta Ƙasa ya riƙa hawa shafin, amma na shugaban ƙasa ya maƙale na sa'o'i masu yawa. A rahoton da ta fitar daga baya, INEC ta danganta matsalar da kuskure a yadda aka saita shafin wajen karkasa sakamakon zaɓen shugaban ƙasa. Jam'iyyun adawa ba su gamsu da bayanin ba, suka garzaya kotu. A hukuncinta na ranar 26 ga Oktoban 2023, Kotun Ƙoli ta yi watsi da ƙararrakin Atiku Abubakar da Peter Obi, ta kuma bayyana cewa a ƙarƙashin Dokar Zaɓe ta 2022, IReV shafin duba sakamako ne, ba wurin tattara shi ba, don haka rashin ɗora hotunan a kan lokaci bai isa ya soke zaɓe ba.

Kafin wannan, a shari'ar zaɓen gwamnan Jihar Osun da ta yanke ranar 9 ga Mayun 2023, kotun ta fayyace wani batu makamancinsa. Ta ce wajen tabbatar da adadin waɗanda aka tantance, na'urar BVAS kanta ita ce shaida ta asali, ba rahoton da aka ciro daga rumbun bayanan hukumar ba, domin abin da ke rumbun ya dogara ne a kan ko na'urar ta sami damar kammala turawa.

Darasi biyu ke cikin waɗannan shari'o'i, kuma sun shafi kowane ofis da ke shirin barin takarda. Na farko, darajar kwafin intanet tana cikin ɗora shi nan take, a wurin da aka samar da takardar, a gaban shaidu. Hoton da aka ɗora bayan kwana biyu ya rasa rabin amfaninsa, domin tazarar da aka so a toshe ta sake buɗewa. Na biyu, idan doka ba ta fayyace matsayin kwafin intanet ba, takardar hannu ce za ta yi rinjaye ranar da aka sami saɓani.

Abin da Bayan Loko ta koyar tun da wuri

Kafanchan ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Gidauniyar Fantsuam, ƙungiya mai zaman kanta da aka kafa a 1996, mai mazauni a unguwar Bayan Loko, ta fara ne da bai wa matan karkara ƙananan rance, sannan ta shiga koyar da kwamfuta. A tsakiyar shekarun 2000, da tallafin cibiyar IDRC ta ƙasar Kanada, ta kafa Zittnet, wani tsarin sadarwa mara waya da ke janyo intanet daga tauraron ɗan adam ya rarraba shi ta dogon ƙarfe zuwa makarantu da cibiyoyin lafiya da sauran masu buƙata a garin da kewaye. Aikin ya shahara a tsakanin masu nazarin sadarwar karkara a duniya, kuma matsalolin da ya ci karo da su ba na manhaja ba ne. Wutar lantarki ba ta tsayawa, sai da aka haɗa da hasken rana da batura. Kuɗin hayar layin tauraron ɗan adam ya yi tsada. Tsawa tana barazana ga na'urori, akwai ma lokacin da guguwar damina ta kayar da dogon ƙarfen.

Kusan shekaru ashirin bayan haka, wayar hannu ta sauya al'amura da yawa, amma jerin matsalolin bai canza sosai ba. A cikin garin Kafanchan da hedikwatocin ƙananan hukumomi ana samun sabis mai ɗaukar fayil. Da zarar an nausa ƙauye, akwai wuraren da sai an hau tudu kafin saƙo ya fita. Shirin Ƙasa na Faɗaɗa Intanet Mai Sauri na 2020 zuwa 2025 ya sa burin kaiwa kashi 70 cikin 100, kuma Jihar Kaduna na cikin jihohin da suka yafe wa kamfanoni kuɗin izinin shimfiɗa wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa tun a 2020. Duk da haka kamfanoni sun fi zuba jari inda masu saye suka fi yawa. A Janairun 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Ko da ƙarin, gigabait ɗaya na iya ɗaukar ɗaruruwan hotunan takardu, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin motar Kaduna ba. Tsadar tana bayyana ne a wurin wanda ba shi da babbar waya, wanda dole ya biya mai shago ya yi masa.

Akwai kuma ranakun da hanyar ke rufewa baki ɗaya. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021, an katse layukan sadarwa a wasu sassan Jihar Kaduna a matsayin matakin yaƙi da 'yan bindiga, kamar yadda aka yi a Zamfara. A ranar 14 ga Maris ɗin 2024, lalacewar manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma ta jefa bankuna da kamfanoni a Nijeriya da maƙwabtanta cikin tangarɗa ta kwanaki. Ofishin da ya mayar da duk fayilolinsa intanet ba tare da ajiye kwafi a kwamfutar cikin gida ba, a irin waɗannan ranaku sai ya rufe ƙofa. Saboda haka ne ƙwararru ke fifita manhajar da ke iya adana aiki a na'ura idan babu sabis, ta tura shi da kanta idan ya dawo, tare da rubuta ainihin lokacin da aka yi aikin.

Sirri da mallaka

Sauƙin da ke sa mutum goma su ga fayil a lokaci guda shi ne kuma haɗarinsa. Mahaɗin da aka bari a buɗe ga duk wanda ya same shi, idan ya faɗa wani zauren WhatsApp, sakamakon gwajin majinyaci ko jerin albashin ma'aikata ya zama abin kallon gari. Ɓarawon takarda sai ya fasa ofis, kuma abin da hannunsa zai ɗauka kaɗan ne. Wanda ya saci lambar sirrin jami'i guda na iya kwashe fayilolin shekaru goma yana zaune a wata ƙasa. A yankin da jita-jita ta sha zama sanadin tashin hankali, fitar jerin sunaye da adireshin mutane ba ƙaramin al'amari ba ne.

Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya wa hannu a Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai tattara bayanan jama'a nauyin kare su, ta kafa hukumar da za ta sa ido, ta kuma gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan zuwa ƙasashen waje. Wannan ya shafi ofisoshin da ke amfani da asusun kyauta. Gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta sun ishi ɗalibi ko ɗan kasuwar citta a Kachia da ke tura wa mai saye hotunan kaya da takardun ciniki. Amma idan jami'i ya ajiye fayilolin hukuma a asusunsa na kansa, hukumar ba ta da iko da su. Idan ya rasu, ko ya yi ritaya, ko aka sami saɓani da shi, an koma gidan jiya: fayil yana hannun mutum ɗaya.

A ɓangaren shari'a, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince da takardar da kwamfuta ta samar, bisa sharaɗin a gabatar da shaidar cewa na'urar tana aiki yadda ya kamata a lokacin da ta samar da ita. Ma'anar wannan ita ce, ofishin da bai san inda ma'ajiyarsa take ba, ko wanda ke kula da ita, zai sha wahala wajen kare takardunsa a gaban alƙali.

Abin da ya rage a yi

Kudancin Kaduna na da wata dama a yanzu. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Aikace-aikace a Kachia da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a Kafanchan. Sabuwar cibiya za ta iya fara rajistar ɗalibai da ta majinyata a ma'ajiyar hukuma tun daga ranar farko. Tsofaffin cibiyoyi, irin su Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna da ke Gidan Waya da reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, za su fi amfanar jama'a idan suka fara da takardun da aka fi yin tafiya dominsu, musamman sakamakon karatu da tsofaffin ɗalibai ke nema daga nesa.

A matakin jiha da ƙananan hukumomi, matakin da zai fi saurin taɓa rayuwar talaka shi ne samar da teburi a kowace sakatariya, daga Gwantu zuwa Kauru, mai na'urar ɗaukar hoton takardu da wutar hasken rana, inda ɗan fansho ko mai neman takardar fili zai miƙa takardarsa, a ɗora ta a gabansa, a ba shi rasit mai lamba da kwanan wata. Da wannan lamba zai bi sawun fayil ɗinsa ta waya. Ya zama wajibi kuma a daina neman mutum ya kawo takardar hannu bayan ya riga ya ɗora ta, domin hakan ninka masa wahala ne kawai. Inda doka ta buƙaci a ga takarda ta asali, jami'in da ke kusa da shi ya gani ya tabbatar, tabbacin ya hau tare da hoton.

Horar da ma'aikata ma ba abin rainawa ba ne. Magatakardan da ya shekara ashirin yana kula da rajistar fayiloli ya san tsarin ajiya fiye da matashin da ya iya kwamfuta, kuma ma'ajiyar da aka zuba wa hotuna barkatai ba tare da suna da lamba ba, ɗakin tarkace ce ita ma. Haɗa ilimin mutanen biyu ya fi maye gurbin ɗaya da ɗaya.

A fagen zaɓe kuwa, abin da 2023 ta nuna shi ne amincewar jama'a na rataye a kan abubuwa biyu da za a iya shiryawa tun kafin ranar: doka mai fayyace matsayin hoton EC8A idan ya saɓa da abin da aka tattara, da kuma taswirar rumfunan da ba su da sabis, wadda aka bayyana wa jam'iyyu da masu sa ido tare da tanadin da aka yi musu. A ƙananan hukumomi takwas na Kaduna ta Kudu, jami'an zaɓe da sarakuna da shugabannin al'umma sun san waɗannan rumfuna da sunayensu. Fitar da jerinsu watanni kafin zaɓen 2027 zai nuna wa kamfanonin sadarwa da gwamnati inda ya kamata a fara kafa turakun sabis, kuma turken da aka kafa domin ranar zaɓe shi ne zai ɗauki takardar ɗan fansho da hoton majinyaci a sauran ranakun shekara.